Wushirya

Damina biyu ke nan Baba bai kira sunana ba.
Wushiryata ya sani.
In na yi dariya sai ya ce,
"Barira, har kin dawo daga rijiya?"
Barira uwata ce, shekara tara ƙasa na kanta,
ni kuwa nakan amsa: na dawo.

Sai ga cutar da ta riga shiga rediyo
kafin ta shigo gari.
Aka ce a rufe hanci da baki.
Ranar da na ɗaura ƙyallen na kai masa kunu
ya ja jiki har bango:
"Baiwar Allah, gidan wa kike nema?"
Na tsaya, kwano a hannu,
kunu ya huce, ni ban huce ba.

An ce a wanke hannu, a sake wankewa,
a Damagaram,
inda famfo ke tari da tsakar dare
ya tofo rabin bokiti, ya yi shiru.
Jarka biyu nake saye wajen mai ga-ruwa.
Duk sa'ad da na zuba masa, alwala ce gare shi.
Jiya azahar huɗu ya yi.
Wanda ake yi dominsa ya san lissafi.

Da asuba ya zare sakata ban ji ba.
Na same shi a ƙofar masallacin Birni, an garƙame ta,
yana zaune, ya jera takalma, yana jiran ladan.
A hanya ya miƙa wa mutum uku hannu,
kowa ya dafe ƙirji daga nesa.
Ya raɗa mini, "Bashin wa na ci a unguwar nan?"

Haru yana Yamai, hanya a rufe.
Kuɗi yana zuwa ta waya.
Barci ba ya zuwa ta waya.

Gigin tsufa, in ji Manjo Lawali na asibiti,
mai kira kowace Alhamis:
ya ci? ya sha? akwai zazzaɓi?
Ran nan ya ƙara da, "Ke fa, Cima, yaushe rabonki da barci?"
Na buɗe baki in ce lafiya lau,
abin da ya fito ba magana ba ne.
Bai kashe wayar ba.

Fasuma ce ta samo dabara.
Bayan la'asar takan hau turmi ta leƙo ta katanga:
"Malam Kanta baduku, nawa alaben nan?"
Babu alabe. An rufe rumfa tun ina budurwa.
Sai ya gyara zama, murya ta dawo:
"Jar fata ce, ba ta yara ba!"
Ta taya, ya ce albarka,
ta ƙara dala, ya rantse da majema.
Kullum alabe ɗaya, ciniki ba ya faɗawa,
ni kuwa ina ɗaki, sa'a guda cur,
na mutu, na dawo.

Wata safiya ina share masa gemu
ya kama bakin ƙyallen fuskata,
ya bi shi da babban yatsa.
"Wane ne ya yi wannan ɗinki? Bai sha duka ba."
Na wanke, na shanya, na ba shi,
da allura da jan zare, gabana na faɗuwa.
Yatsun da suka manta hanyar baki
ba su manta wannan ba:
kushe-kushe ƙanana, a jere kamar tururuwa.

Yanzu shi nake ɗaurawa.
In na shigo yakan dube ni, ya daɗe,
idonsa ya sauka kan jan zaren.
Bai ce Cima ba. Bai ce Barira ba.
"Wannan ɗinkina ne," in ji shi.
"Ke ta gida ce. Zauna."